Wasiƙa daga Damagaram: Kafin a Ce Turbo Ya Mutu, a Nuna Mana Gawar

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne rubutun da kuka buga kwanan baya a kan samarin da ke cika gari da ƙarar mota ranar ɗaurin aure, inda marubucin ya kwashi duk mai motar da aka taɓa wa inji ya zuba a kwando ɗaya da su. Rabin maganarsa gaskiya ce, ba na musu. A Zango nake zaune, na san yadda salansa ke tayar da jariri daga barci da ƙarfe 11 na dare. Sai dai akwai mu, 'yan tsiraru, da muke ƙarar da Asabar ɗinmu kwance a kan kwali ƙarƙashin mota, kuma ni dai ban taɓa bin ayarin amarya a guje ba.

Malamin makaranta ne ni, lissafi nake koyarwa, shekaruna 46. Wani kiwon tattabaru ne abin sonsa, wani ba ya barci in an fara kokowar takobi. Ni mota ce ta kama ni, tun ina yaro, lokacin da gasar Paris-Dakar take ratsa Agadas da Tenere, yayyenmu suna ta labarin Peugeot 205 mai turbo da ta cinye gasar a 1987 da 1988, sannan 405 ta karɓa a 1989 da 1990. A lokacin na ɗauka turbo wani sabon sihiri ne na Turawa. Daga baya na karanta cewa wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar tun 1905. Wato ya girmi kakana.

Motata Golf 4 ce, ƙirar 2002, mai inji 1.8 da turbo, wadda Volkswagen ya fitar da ƙarfin doki 150. Ta Kwatano ta shigo, tun kafin a rufe iyaka. Wanda ya riƙe ta a Turai ya sa an sake rubuta mata ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, don ta ƙara ƙarfi, kuma dillalin da ya sayar mini bai faɗa ba, wataƙila shi ma bai lura ba. Sai da na ɗaura mata agogon auna matsin iska, wanda masu garaji ke kira mano, na ga allura tana haurawa bar 1.2, alhali yadda kamfani ya saita ta ba ta kai bar 1. Ran nan na yi murna kamar wanda ya tsinci kuɗi a aljihun tsohuwar riga. Da na san hidimar da ke biye da wannan ƙarin, da na rage murnar.

Wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga yaro yana zuga, ya riga ya fahimci turbo. Wuta tana son iska, inji ma haka. Fanka biyu ne a kan sanda ɗaya: hayaƙin da inji ke fitarwa yana juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke danna iska cikin inji. Iska ta ƙaru, a ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne sandar nan, da ba ta kai kaurin biro ba, tana juyawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, kuma ba a kan ƙarfe take gudu ba, a kan wani ɗan siririn man inji take yawo. Ɓangaren hayaƙin kuwa, a injin isansi, zafinsa kan kai digiri 900. In ka buɗe kapo da dare bayan doguwar tafiya da gudu, kana iya ganinsa ja kamar garwashi.

To, ga abin da ya faru da ni bara waccan, wanda shi ne ainihin dalilin wasiƙar nan. Ina dawowa daga Mirriya da yamma, na taka mota zan wuce wata babbar mota mai ɗauke da buhuna, sai na ji ta yi sanyi kamar an riƙe ta ta baya. Allurar mano da ta saba tsalle ta tsaya a rabin bar, ga wani huci yana fitowa ta gaba, ga baƙin hayaƙi kaɗan a madubi. Na lallaɓa na iso gari. Washegari na kai ta wani garaji da ba zan ambata ba. Mai garajin ya tayar da ita, ya taka sau biyu a tsaye, ya cire tiyo ɗaya ya shafa yatsa a ciki, ya nuno mini maiƙo, ya ce, “Malam, turbonka ya mutu.” Ya ce in kawo jika 250 a aiko da wani daga Kano. Duka binciken bai kai minti 5 ba.

Jika 250 a albashin malamin makaranta ba abin wasa ba ne. Na ce zan yi shawara. Na wuce wurin wani dattijon makanike da muke kira Baba, wanda garajinsa bai wuce inuwar dogon yaro da akwatin spana ɗaya ba. Na ce, “Baba, an ce turbona ya mutu.” Bai ko ɗago kai daga karbiraton da yake wankewa ba, ya ce, “Wa ya ga gawar?”

Abin da ya yi, kowa zai iya yi a ƙofar gidansa. Ya cire tiyon da ke shiga bakin turbo, ya sa yatsa ya kama kan sandar, ya girgiza ta gefe da gefe, sannan ya ja ta gaba da baya. Ya ce in taɓa. Gefe da gefe tana ɗan motsi kaɗan, wanda ba laifi ba ne, tunda in inji ya tashi mai zai cike wurin. Gaba da baya kuwa ko gezau. Fukafukan fankar ba su goge bango ba. Ya ce, “Ɗana, wannan da ransa.” Daga nan ya aiki yaronsa ya sayo murfin bututun roba irin na masu famfo, ya huda shi, ya dasa masa bawul ɗin tsohuwar taya, ya toshe bakin tiyon da shi ya ɗaure da kolye. Muka tura motar zuwa wurin mai faci da ke kusa, aka ba ta iska a hankali, bai bari ta wuce bar 1 ba. Ya kaɗa ruwan Omo a gorar ruwa, ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya yana yayyafawa. Da ya iso ƙasa, gaban tayar dama, inda ɗan radiyatan da ke sanyaya iskar turbo yake, sai kumfa ta taso kamar ana dama sabulu. Tsaga ce a bayan tiyo, tsawonta bai kai gaɓar yatsa ba, a inda ido ba ya gani. In mota tana tsaye bakin tsagar a rufe yake, sai matsi ya taru take buɗewa.

Jika 6 na kashe a kan tiyo na hannu, da jika 1 na kolye biyu. Baba ya ƙi karɓar komai sai goro.

Baƙin hayaƙin ma yana da bayani, kuma a nan ne lissafina ya yi mini rana. Motar tana da na'urar da ke auna yawan iskar da ta shigo, tana nan bayan filta. Ƙwaƙwalwa tana ba da mai daidai da abin da aka auna. In iskar ta zurare ta tsaga bayan an riga an ƙidaya ta, man da aka ba ya fi ƙarfin iskar da ta isa inji, sai ya fita bai ƙone ba. Maiƙon da mai garajin farko ya nuna mini kuwa, kusan kowace tsohuwar mota mai turbo tana da shi kaɗan, domin tururin mai da ke fitowa daga cikin inji ta nan ake mayar da shi. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Da na biya jika 250 ɗin, da an ɗaura sabon turbo a kan tsagaggen tiyo, in koma in ce har yanzu ba ta ja, a ce to ai famfon mai ne, in sake kawo kuɗi.

Kada a ce na wanke kaina na shafa wa masu garaji baƙin mai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni da hannuna na taɓa kashe turbo, na farkon da motar ta zo da shi. A shekarata ta farko da ita ina yi mata bidanji yadda na saba yi wa tsohuwar motata: sai na tuna, kuma da man awo da ake tsiyayowa daga duro. Wata rana na taho daga Maradi cikin zafin watan Afrilu, kusan kilomita 240 ban tsaya ba, na shigo gida ana kiran sallar la'asar, na murɗe makulli nan take na yi masallaci. Kuma ba ranar kaɗai ba, ɗabi'ata ce a lokacin. In ka kashe inji, famfon mai ya tsaya, amma zafin da ke jikin turbo bai tafi ko'ina ba. Man da ya rage a ciki sai ya soye ya zama gawayi. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har hanyar ta ƙuntata. Bayan wasu watanni ta fara shuɗin hayaƙi mai warin ƙonannen mai, tana kuka kamar jiniya in na taka. Ranar da muka kwance siririn bututun ƙarfen da ke kai wa turbo mai, na hura shi da baki, iska ta ƙi wucewa. Muka sauke kaskon mai, muka tarar rariyar da famfo ke zuƙa ta cikinta ta toshe rabi da wani baƙin abu kamar kwalta.

Wannan karon gawa ta tabbata. Cikin turbon kaɗai na saya, wato sanda da fankokinta da mazauninsu, muka mayar a tsohon gidan. Na sauya bututun mai gaba ɗaya, na wanke wanda ke mayar da man cikin inji, na zuba sabon mai a bakin turbo da sirinji kafin a ɗaure, muka juya inji da sitata ba tare da ya kama ba har fitilar mai ta mutu. Wanda ya tsallake waɗannan, sabon turbonsa zai bi na farko cikin wata guda, ya ce an sayar masa da jabu. Tun daga nan ba na zuba mata komai sai 5W-40 mai alamar VW 502 00 a jikin galan, wanda na buɗe hatiminsa da hannuna, kuma kowane kilomita 5,000, duk da littafin motar ya yarda a wuce haka. Ba don hanyar Tanut aka rubuta littafin ba. In na dawo daga tafiya, kilomitocin ƙarshe a hankali nake yin su, in na tsaya in bar ta tana aiki minti 2. Uwargida ta ce na fi tausayin mota a kan mai jiran a buɗe masa ƙofa. Ban ba ta amsa ba, don tana da gaskiya.

Sai ƙura. Samari suna son cire akwatin filta na kamfani su ɗaura wani buɗaɗɗe mai kama da hular dara, don a ji turbo yana zuƙar iska. A garin da hunturu kan rufe rana da hazo har a kasa hango ƙarshen layi, wannan kashe kai ne. Fankar da ke juyawa da irin wancan gudun, ƙwayar rairayi a wurinta tsakuwa ce. Na ga wadda aka ciro daga motar wani yaro bayan hunturu biyu, bakin fukafukanta duk ya gwaigwaye kamar ɓera ya kwana a kai. Ga shi buɗaɗɗen filtan yana shaƙar iskar cikin kapo mai zafi, wadda ba ta da nauyin ta waje, ƙarfin da ake nema ma ba a samu ba. Wata ɗabi'ar kuma ita ce kai filta wurin mai faci a hure shi da iska mai ƙarfi. Ya fito fes, amma takardar ta yi ƙananan huji da ba a gani. Gara ka bubbuga shi a hankali, in ya gaji ka sayi wani. Araha ba ta ado.

Maganar isansi ita ce ta fi ba ni wahala, domin wanda ya rubuta wa motar ƙwaƙwalwa a Turai ya yi ne da tunanin man da ke da oktan 98, wato mai jure matsi sosai, da iskar ƙasarsu mai sanyi. A nan, a watan Afrilu da Mayu, zafi yana wuce digiri 40 kafin iskar ma ta shiga turbo, shi kuma matsa ta da yake yi yana ƙara mata zafi. Iska mai zafi da man da bai kai ba, sai wuta ta riƙa tashi a silinda ba bisa ƙa'ida ba. Za ka ji wata ƙara siririya kamar an zuba tsakuwa a gwangwani in kana hawa tudu. Motar tana da kunnen da ke jin wannan, ta ja da baya don ta kare kanta, shi ya sa take ƙarfi da asuba ta yi lagwani da azahar. Amma kariyar tana da iyaka, in aka matsa fistan ne zai biya. Da can da ruwa-ruwa ya cika bakin titi, kafin Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, na sha zuba na kwalba don sauƙi, ban san abin da aka gauraya a ciki ba. Yanzu gidan mai kawai nake zuwa, tunda matatar SORAZ tana nan arewa da mu tun 2011. Na kuma yi abin da yawancin samari za su ɗauka hauka ne: na sa an rage mata matsi ya dawo bar 1. Na matse bakin buji zuwa milimita 0.7, don tartsatsi ya daina ɗaukewa in matsi ya hau. Duk wata ina wanke ɗan radiyatan iskar nan, wanda laka da ƙwari ke toshewa saboda yana ƙasa. Na yi asarar 'yan dawakai, amma shekara 3 ke nan ban buɗe inji ba.

Bari in ɗan ratse zuwa masu gazuwal, don su ne suka fi mu yawa a wannan yanki. Land Cruiser mai inji 1HZ, lita 4.2, silinda 6, babu wanda bai san amanarsa ba a hanyar Agadas. Ba shi da turbo daga kamfani, kuma yanzu ana yawan ɗaura masa. Wani abokina ya yi haka, sannan aka murɗa masa sukurun famfo aka ƙara mai har motar tana turnuƙe hanya, yana jin daɗi wai ta zama doki. Toyota da kansa, da zai yi mai turbo a wannan girman, wato 1HD-T, sai da ya sauya fistan da yadda ake fesa mai, ya sauke matsin silinda daga sama da 22 zuwa ƙasa da 19. Ba don wasa ya yi ba. A injin gazuwal, mai in ya yi yawa zafi yake haifarwa, kuma agogon ruwa ba zai gaya maka ba sai aikin gama ya gama. Abokin nawa ya hau rairayi da kaya, fistan biyu suka tsage. Agogon auna zafin hayaƙi, wanda masu wannan harka ke kallo su ɗaga ƙafa in ya doshi digiri 700, kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba. Wani abin da ya kamata duk mai gazuwal da turbo ya sani: in turbo ya saki mai cikin hanyar iska, injin yana iya kama shan man jikinsa, ya yi ta hawa da kansa, ka zare makulli ya ƙi mutuwa. Kada ka tsaya kallo. Ka taka birki da ƙarfi, ka sa giya mafi girma, ka saki kulochi ya shaƙe. Ko a toshe bakin iska da katako, ba da hannu ko tsumma ba.

Ita kuwa ƙarar nan ta “fiishsh” da ake ji in yaro ya ɗaga ƙafa, wadda na tabbata tana cikin abin da ya fusata marubucinku, a irin motata ɓarna ce tsantsa. Bawul ɗin da kamfani ya sa don sakin iskar da turbo ya tara in an ɗaga ƙafa yana mayar da ita ciki ne a ɓoye. Wanda ake sakawa don ƙara yana zubar da ita waje, iskar da an riga an auna, ka ga an koma maganar tsagaggen tiyona, sai dai wannan da kuɗinka ka sayo tsagar. Kuma in na ga wanda ya ƙara wa mota doki 40 yana yawo da tayoyin da suka shekara 8 da birkin da ke kuka, ba na ɗaukarsa ɗan'uwa a wannan sha'awa. A nan ni da marubucinku bakinmu ɗaya.

Roƙona ga masu koyar da sana'ar kanikanci a cibiyoyin horo, da iyayen gida a garaji, shi ne a koya wa yara aunawa kafin kwancewa. Motocin isansi da aka sayar a Turai tun 2001 duk suna da wurin da ake soka na'urar bincike, kusa da direba. Akwai 'yar ƙarama da ke magana da wayar hannu, kuɗinta bai kai na buhun shinkafa ba. Ba ta gyara mota, kuma ba ta cewa ga abin da ya lalace, inda za ka fara dubawa kawai take nuna maka. Wanda ya haɗa ta da mano da gorar ruwan Omo irin ta Baba ya wuce a yi masa ciniki da ka.

Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan sauya ƙananan tiyoyin da ke bayan inji, don zafi ya busar da su har suna karyewa a hannu kamar taliya. Ina fara aiki bayan sallar asuba, kafin rana ta hau bango. In marubucin naku yana Damagaram, ku gaya masa ya zo ya riƙe mini tocila. Akwai shayi, kuma motar ba za ta bar ƙofar gida ba ranar.

Naku,
Wani mai karatu daga unguwar Zango, Damagaram